Ƙararrawar Gindin Mangwaro

Matso kusa ka ji, kai da kake kallon labaran mutane a waya.

A ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, akwai tsohon wilin mota rataye a mangwaron coci. Shi ne ƙararrawarmu. Tun harin farko muka yi doka: in an buga shi, a bar komai a gudu rafi.

Sai masu fim suka zo daga Abuja. Wai yanzu masu kallo sun gaji da ƙirƙira, abin da ya faru da gaske suke nema. Suka roƙe mu mu sake gudun nan. Kwana uku suna buga wili, muna gudu, suna dawo da mu, wai tsoron bai fito a fuskarmu ba. Har dariya muka riƙa yi. Mijina Bitrus ya ƙi. Ya ce ya riga ya yi nasa gudun na gaskiya. Suka tafi, suka ce za su dawo su ƙarasa.

Ranar Alhamis da safe, ƙarfe shida da rabi, ina shanya citta. Bitrus yana kan benci da kunu. Kaji suna kiwo.

Bakwai saura kwata, wilin ya yi ƙara. Ba a jere yake bugawa ba, a rikice. Kunnena ya ji bambancin, ƙafata ba ta motsa ba. Saratu maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana gyara ɗankwali.

"Baƙinki sun dawo," in ji Bitrus.

Karnuka suka yi shiru. Sai babura, da yawa, daga wajen dutse. Sai harbi.

"Ku gudu! Ba fim ba ne!"

Muryar dattijon coci ce, sau ɗaya. Na ja hannun Bitrus.

"Wuce, Mama, ina bayanki."

Na bi ta cikin rogo. Bakwai da kwata ina cikin rafi, ruwa har ƙirji, hayaƙi a sama. Da azahar muka kai titi. Mota ta kai mu Manchok.

Ranar Asabar muka binne Saratu, da dattijon, da Bitrus.

An ce fim ɗin ya fito. An ce a wurin gudun, can gefe, akwai mutum ɗaya a kan benci da kofi a hannu, yana kallonmu. Ni na kasa dubawa. In ka kalla, ka gan shi?