Hannun Kawuna Da Na Miƙar

Edita, a shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu. Na yi 'yan watanni a Zariya ina koyon aikin asibiti, aka ajiye ni a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Ikara. Aikina bai wuce wanke gyambo da raba ƙwayar zazzaɓi ba, amma in ka ga takuna cikin farar riga, ga alƙalami a aljihu, sai ka rantse ni ne babban likitan Jihar Arewa. Yanzu na tsufa, kuma akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa da nake so in faɗa.

Abin da ya fi kumbura mini kai shi ne sunayen motsin gaɓoɓi da muka haddace da Turanci. Lanƙwasa gaɓa da sunansa, miƙe ta da sunansa, ware hannu daga jiki, kife tafin hannu, kwanciya rigingine, kwanciya rub da ciki, kowanne da nasa suna mai cika baki. A shafin farko na littafinmu akwai zanen mutum a tsaye ƙyam, hannuwansa a miƙe a gefe, tafin hannu na kallon gaba. Malaminmu ya ce daga wannan tsayuwar ake fara komai. Ni kuwa, da yake hadda na sani ban san tambaya ba, sai na ɗauka duk gaɓar da ta samu matsala can ya kamata a mayar da ita.

Da kaka, kawuna da ya riƙe ni tun ina ƙarami ya faɗo daga kan rumbu a Malikanchi yana jera damman dawa, ya karye a gwiwar hannun dama. Kafin labari ya iso ni, an ɗauko wani tsohon maɗori daga Janfalan, ya ɗaure hannun da kara a lanƙwashe, ya rataya masa shi a wuya. Da na zo a kan keke na gani, sai na hau faɗa a tsakar gida, ina cewa zamanin jahilci ya wuce, ƙasa ta samu 'yanci amma mu muna nan da kara da tsumma. Matar kawu ta roƙe ni in bar ɗorin tunda zafin ya fara lafawa. Kawu ya ce ta yi shiru, ɗansa ya yi karatu. Na kwance ɗorin, na ja hannun na miƙar yana ta gumi yana salati, na juya tafin gaba kamar na zanen, na ɗaure da katako, na ce kada a taɓa sai bayan sati takwas.

Kwana uku bayan haka maɗorin ya zo duba aikinsa. Bai ɗaga murya ba, ya gaishe ni da girmamawa har yana ce mini malam, sannan ya tambaye ni ko na yi tunanin yadda mutumin nan zai ci tuwo in gwiwar ta sandare a haka. Na amsa masa da sunayen nan na Turanci ɗaya bayan ɗaya don in kunyata shi a gaban mutane. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Da aka kwance, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa ko kaɗan. Na kai shi Zariya wurin wani likita Bature, ni ne kuma tafinta. Likitan ya ce zanen nan an yi shi ne kawai don masu aiki su yarda a kan ina ne gaba, ina ne baya, in suna kwatance, ba don a ɗaure majinyaci a haka ba. Gwiwar hannu a lanƙwashe ake ɗaure ta, don ko ta sandare hannu ya iya kaiwa baki. Sai ya ce in tambayi kawu wane ne ya yi masa wannan aika-aika. Na tambaya. Kawu bai ko dube ni ba, ya ce wani baƙo ne mai wucewa, bai san sunansa ba. Ni kuma na juya na faɗa wa likita haka da Turancina mai kyau, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Kawu ya rayu shekara goma sha tara bayan haka. Garma ta gagare shi, alwala sai da hannu ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tuwo. Mutumin da ba ya cin abinci sai a zaure, akushi ɗaya da maƙwabta da baƙi, ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, don ba zai iya sa hannun hagu a kwanon jama'a ba. Bai taɓa yi mini gori ba, ni kuma ban taɓa iya buɗe baki na nemi gafararsa ba, na yi ta cewa gobe har ya rasu.

Shi ya sa nake jan kunnen yara masu karatun aikin lafiya. Sanin sunan motsi daban, sanin abin da mutum zai yi da gaɓarsa daban. In ba ka gane dalilin abu ba, ka tambaya, kuma in tsohon da ya daɗe a sana'a ya yi maka tambaya, ka tsaya ka yi tunani kafin ka amsa. Ni dai duk lokacin da na je gaishe da kawu, da wannan hannun yake tarbata, a miƙe, tafin na kallon gaba, daidai da zanen littafina.