Ranar da Anti Kwalba Ta Ƙi Ƙarin Girma

A ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Anti Kwalba ake ce mata, don ta kusa shekara ashirin tana wanke kwalaben gwaji, tana liƙa musu lamba, tana jera su a firji. Hannayenta kullum warin sabulu suke yi. Mace ce mai sauri, ba ta san nawa ba, kuma komai sai ta lissafa: kuɗin mota, kuɗin wuta, kwana nawa buhun garin sabulu zai kai.

Da ta gama sakandare ta samu gurbi a jami'a, amma mahaifinta ya kwanta jinya, ga ƙanne biyar a bayanta, sai ta ajiye karatu ta kama aiki. Ta yi aure, ta haifi uku, ta yi wa ƙannen hidima har suka tsaya da ƙafarsu. Tana da shekara arba'in da huɗu ta sake zama jarrabawa a ɓoye, a aji ɗaya da sa'annin ɗanta na fari, ta kuma ci. Jami'a ta ba ta gurbin karatun gwajin jini, na yamma da ƙarshen mako, yadda ba sai ta bar aiki ba.

Murnarta ba ta kai la'asar ba, don a ƙasan takardar ta ga kuɗin makaranta: dubu ɗari huɗu da hamsin a shekara, har shekara huɗu. Abin da ta tara bai kai rabin na shekarar farko ba.

Wata maƙwabciya ce ta ba ta labarin ofishin tallafin manyan ɗalibai. Ta same shi a bene na biyu, ɗaki mai fanka ɗaya da kujerun roba. Ma'aikaciyar da ke bayan tebur yarinya ce da ba ta wuce haihuwarta ba.

"Mama, ɗanki kika zo wa?"

"Ni na zo wa kaina, 'yata."

Yarinyar ta ji kunya, ta gyara zama ta yi mata bayani. Tallafin yana biyan kuɗin makaranta duka. Amma sai wanda bai cika arba'in da biyar ba, kuma sai an haɗa albashin mata da na miji an ga bai haura iyakar da aka yanka ba. Za ta kawo takarda daga wurin aiki mai nuna albashinta na wannan watan, kafin a rufe a ƙarshen wata.

Tun kafin yarinyar ta rufe baki Anti Kwalba ta gama lissafi a kai. Shekara dai wannan ce damarta ta ƙarshe. Albashinta da na maigidanta, wanda ke tuƙa motar kaya ta wani kamfani, suna ƙasa da iyakar da dubu huɗu kacal. Ta sauko daga benen tana riƙe da ƙarfen matakala, kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu.

Daga ranar ta daina karɓar aikin ƙarin lokaci, ita da a da ba a rufe baki take cewa "a ba ni". Dogo, abokin aikinta da ya zo bayanta da shekara shida, ya fara tsokanarta.

"Anti, lafiya? Ko gado kika ci ba mu sani ba?"

"Bayana ne ke ciwo."

"Bayan da ya ɗauki jarkar ruwa biyu ɗazu?"

Ta harare shi ta ci gaba da ɗauraya. Ba ta gaya wa kowa a wurin aiki maganar jami'a ba. Tsoronta kada abu ya ƙi yiwuwa a riƙa yi mata kallon tausayi.

Tana shirin zuwa neman takardar albashin, sai Oga ya aiko kiranta da kansa. Oga shi ne shugaban ɗakin gwajin, dattijo mai furfura da ba ya yawan dariya, amma ranar bakinsa har kunne.

"Zauna, zauna. Shekara biyu ina kai ƙorafi sama, yau sun sa hannu. Ke ce shugabar masu wanki da ajiya daga wannan watan. Ƙarin dubu goma sha biyu."

Nan take ta shiga lissafi. Dubu goma sha biyu sau goma sha biyu, dubu ɗari da arba'in da huɗu. Tallafin da za ta rasa ya ninka haka sau uku.

"Murna ta hana ki magana," in ji Oga. "Je ki, ki kawo min amsa a rubuce ranar Alhamis."

Kafin ta koma wurin famfo labari ya riga ta. Masu shara suna tafi, Dogo ya cire hula yana rusunawa, yana cewa, "Ranki ya daɗe, a tuna da talakawa." Ta yi yaƙe, ta ce an gode. A ranar ta fasa kwalba biyu, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

A gida ta tarar maigidan yana waya yana gaya wa yayarsa, don Dogo ya riga ya yi masa albishir.

"Baban yara, kashe wayar nan."

"Ah, shugaba ta fara ba da oda tun daga ƙofa."

Ta zauna a bakin gado ta zayyana masa komai. Fara'arsa ta ɗauke. Ya daɗe yana murza makullin mota a hannu.

"To tallafin, sun ce tabbas za su ba ki?"

"Ba su ce ba. Masu nema sun fi gurbin yawa."

"Wato ki saki kuɗin da ke hannu, ki bi wanda ba ki gani ba. In suka hana ki fa?"

"Na yi biyu babu."

"Haya za ta tashi a sabuwar shekara, kin sani. Ga na tsakiya zai shiga sakandare."

"Na sani. Ni na fara lissafa shi."

Ya ja dogon numfashi. "Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. In na zaɓa miki, har mu tsufa ba za ki daina tuna min ba."

Kwana biyun da suka biyo baya abinci bai yi mata daɗi ba. Ta koma ofishin tallafi ta tambaya ko za a duba albashin watan jiya, aka ce a'a, na wannan watan. Ta tambaya ko ana ɗaga ƙafa in abin da ya haura kaɗan ne. Yarinyar ta girgiza kai: na'ura ce ke tacewa, ba ta san kaɗan ba. Ta yi tunanin ta karɓi muƙamin ta roƙi a rubuta mata tsohon albashi, amma ta san Oga, ko biron asibiti ba ya tafiya da shi gida.

Ranar Alhamis ta shiga ofishin Oga. Ta ajiye masa takardar gurbin jami'a maimakon amsar da yake jira, ta yi masa bayani.

Oga ya cire tabarau. "Na yi ta zubar da girmana a gaban mutanen sama saboda ke, ashe kina da naki shiri ba ki gaya min ba?"

"Ka yi haƙuri, Oga. Tsoro na ji. Ba za a iya jinkirta shi ba, ko da wata biyu?"

"Kujerar gwamnati ko ta kamfani, ba ta jiran kowa. In kin ƙi, gobe a ba Dogo. Kuma ba na jin wata za ta sake buɗewa kafin in yi ritaya. Kin fahimta?"

"Na fahimta."

"Kin ƙi ke nan?"

Ta kalli tafin hannunta da sabulu ya cinye. "Na ƙi, Oga."

Oga ya jawo takarda ya rubuta albashinta yadda yake, ya buga hatimi da ƙarfin da ya sa kofin shayinsa ya yi tsalle. Sai da ta kai ƙofa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In kun kai darasin ƙwayoyin jini, ki zo. Malaman yanzu a gurguje suke koyar da shi."

Ta miƙa takardunta ana saura kwana ɗaya a rufe. Sannan aka shiga jira. Dogo ya hau kujerar, ya zama shi ke rubuta mata jadawalin aiki. Ya daina tsokanarta, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo. Duk ƙarar waya sai ta yi sauri ta duba. Haya ta tashi kamar yadda aka faɗa, maigidan bai ce uffan ba, ita kuma ta riƙa jin shirun nasa har cikin barci.

Saƙon ya zo tana tsaka da ɗauraye kwalabe. Ta goge hannu a jikin riga, ta karanta sau uku: an ba ta. Da ta je sa hannu, yarinyar ofishin ta taya ta murna, sannan ta nuna mata wani layi da biro.

"Na shekara ɗaya ne, Mama. Duk shekara za ki sake kawo takardun albashi, naki da na Baba. Shekaru ba za su ƙara hana ki ba tunda kin shiga, amma in kuɗin ya haura, tallafin ya tsaya."

Anti Kwalba ta sa hannu, ta fito ta tsaya a inuwar benen ta kira maigidan. Tana jin ƙugin motarsa ta cikin wayar.

"An ba ni."

"Alhamdu lillahi! Farfesa! Yau sai na..."

"Tsaya tukuna, Baban yara. Kamfaninku, a wane wata suke duba albashin direbobi?"