Ganyen Malama Rabi a Farfesun Kifi

Ni ne na yi kuskure, kuma har yau ban manta da ranar ba. Lokacin ina babban mai girki a wani gidan abinci a Kabara, shekarata goma sha biyu a bakin murhu. Ƙa'idar gidan ita ce duk sabon ma'aikaci sai ya yi wata guda na gwaji, sannan Hajiya mai gidan ta ce ya zauna ko ya tafi.

Malama Rabi tana cikin sati na uku. A Jos ta koyo girki, ta zo da wani ganye ta shuka a tsofaffin robobi bayan kicin, siriri kamar tsinken tsintsiya, mai ƙanshin albasa. Ta ce Turawa na kiransa cayif, sunan kuma daga kalmar albasa ya samo asali a harshen Latin, don danginsu ɗaya. Na ce to wannan ɗan'uwan albasa yunwa ta gama da shi. Aka yi dariya, har da ita.

Ranar wata Asabar muka sami aikin walimar sauka a Goron Dutse. Rabi ta yayyanka ganyen da almakashi, ta ce kada a zuba sai an sauke farfesun kifi, wuta tana kashe shi. Tana fita ɗauko kwanoni, na juye shi a tukunya tana tafasa, yadda muke yi wa lawashi. A raina na ce wa zai koya mini miya.

Hajiya ta zo ɗanɗanawa, ta tarar ganye ya koɗe, babu ƙanshi. Ta ce, "Rabi, wannan ne abin da kike ta yabo? Anya za mu daidaita kuwa?"

Na ci gaba da juya shinkafa.

Rabi ba ta ambaci sunana ba. Ta je ta yanko sauran, ta barbaɗa a kan kwano ɗaya. Hajiya ta kurɓa, ta ƙara kurɓa, ta jawo kujera ta zauna ta cinye har kan kifin. Tana suɗe yatsu ta ce daga yau Rabi 'yar gida ce. Matan kicin har da guɗa.

Sai kunya ta rufe ni. Na ajiye ludayi na ce, "Hajiya, na farkon ni na ɓata shi. Malama Rabi, kin faɗa mini, girman kai ya hana ni ji, kuma na bari aka ɗora miki laifina. Don Allah ki yafe mini."