Garba ɗan Malam Idi mai goro

Jiya a gidanmu na Salaga, wata Baturiya 'yar Ostareliya da ke sayen man kaɗe wurin yayata ta miƙa wa kakata wayarta. Hoton kabari ne, farin dutse da jan fure a kai. Ta ce ƙanen kakanta ne, yana saurayi sojojin Japan suka kashe shi. Duk shekara danginsu kan fita da asuba zuwa taron tunawa da sojoji su ji an kira sunansa.

Na fassara wa Kaka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tambaye ta ko akwai na Yaya Garba a ciki. Shi ma Japan ɗin ya je yaƙa a ƙasar Bama."

Kaka tana ƙarama aka sa wan nata a motar soja. Bai dawo ba.

Matar ta nemi cikakken sunansa. Nan raina ya ɓaci, don Turawan soja ba sa rubuta sunan uban mutanenmu, sai naka da ƙabilarka. Garba ɗan Malam Idi mai goro ya koma Garba Hausa.

Ta karɓi wayar ta bincika, ta ɗago a hankali, ta sake miƙa wa Kaka. "Masu suna Garba Hausa suna da yawa. Wanne ne naku?"

Kaka ta mayar mata da wayar. "Ce mata ta bari. Ranar da za su ɗauke shi, ai sun gane ƙofar gidan ubansa."

Sarkin Ingila ɗaya suka mutu wa, Garba da saurayin nan mai kabarin.

'Yan Yendi, 'yan Bawku, in akwai irin Garba a gidanku, ku rubuta sunansa nan ƙasa. Har da na ubansa.