Ɗakin Tanti Rabi mai kallon ruwa

Tanti Rabi ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni ina tsaye a kicin, ko shayi ban gama haɗawa ba.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

A cikin jirgin ƙasa nake rubuta wannan, na baro Lyon zan je Paris. In kun ga kuskure ku yi haƙuri. Baƙin ciki na nan, amma abin da ya fi cin raina tun safe kunya ce, kuma zan gaya muku dalili.

Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san ni da abu ɗaya: Balki mai neman araha. Ni ce nake cika muku kunne da yadda ake shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido daga Marseille ba tare da an talauce ba. Kar ka yi tafiya lokacin hutun makaranta. Ka kama ɗakin ciki, wanda ba shi da taga, ai barci kawai za ka yi. In jirgi ya tsaya a gari kar ka biya yawon da masu jirgin suka shirya, ka sauka da ƙafarka ka hau bas ɗin 'yan gari, ka dai dawo da wuri don jirgi ba ya jiran kowa. Na faɗa, na maimaita, har na fara jin kaina wata malama.

Tanti Rabi kuwa, ga wanda bai san ta ba, 'yar Maraɗi ce mai shagon atamfa da shadda a unguwar Château Rouge, cikin Paris. Ba mu haɗa dangi ba. Lokacin da na zo ƙasar nan daga Katsina, amarya, ban iya ko gaisuwa da Faransanci ba, shagonta na shiga neman ɗankwali. Ta ji Hausa a bakina, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke ɗiyata, da wagga riga za ki shiga sanyin garin ga?" Ta tuɓe rigar sanyinta ta ɗora mini. Da na mayar mata bayan kwana biyu, faɗa ta yi mini.

Da aiki ya mayar da maigidana Lyon, ba ta sake ni ba. Duk wanda ta ji zai biyo ta nan sai ta maƙala masa ƙullin yaji da daddawa ya kawo mini.

Haihuwata ta fari, ta rufe shago ta zo Minguettes, unguwarmu a gefen Lyon, ta zauna da ni. Har busasshen ganyen darbejiya ta sa aka kawo mata daga gida. A can saman bene, cikin ɗan banɗakin nan da mutum biyu ba sa juyawa, ta yi mini wankan jego, ina ihu tana cewa in rufe mata baki kar maƙwabta su kira 'yan sanda. Ta dama kunun kanwa, ta tsare ni sai na shanye.

Irin matar da na rasa ke nan.

Farkon shekarar nan ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce ta ɗauki adashinta, kuma tana son in kai ta jirgin ruwan nan da nake ta ba mutane labari. Na yi dariya har da tafi. Tanti da ko lahadi ba ta hutu, yau ita ce za ta yawon duniya.

Ta ce cikin watan Afrilu take so.

Nan malamar ta motsa. Na ce Tanti, Afrilu yara na hutu, lokacin ne masu jirgi suke yanka mutane da tsada. Ki bari sai Nuwamba, jirgi ɗaya, abinci ɗaya, kuɗin ya faɗi warwas. Ta ce ita dai Afrilu ta so. Na ƙi. Na kira ta washegari, na sake kira, na tura mata hotunan farashi, na ce ba zan zuba ido a cuce ta ba ina raye. Daga ƙarshe ta ce, "To, ke kin ka san abin. Allah shi kai mu."

Na kashe waya ina jin daɗi na cece ta daga asara.

Abu biyu ne ta kafe a kansu. Na farko hanya. Na zaɓa mana wadda ke bi ta Sifen, ta fi sauƙi, ga kasuwanni. Ta ce a'a, wadda ke gangarawa ƙasa ta Sisili da Malta take so. Na biyu ɗaki. Ta ce mai balkoni, wanda za ta fita ta tsaya tana kallon ruwa, ko nawa ne.

Na yi mita har na gaji. Matar da ke wanke ledar shago ta sake amfani da ita, ita ce za ta biya kuɗin balkoni. Na ce to a rage a wani wurin, ga yadda na tsara mana yawo: a Palermo, can Sisili, mu taka da ƙafa zuwa kasuwa, a Malta mu hau bas mu zaga, mu riƙe burodi da 'ya'yan itace daga karin safe don kar mu sayi abinci a waje. Ta saurara har na gama, sannan ta ce in yi yawona, ita ba za ta sauka ko'ina ba.

Wasu cikinku za su tuna abin da na rubuta a nan a lokacin. Na ce ina da wata uwa da za ta biya ɗaki mai tsada ta je kallon ruwa, kamar babu ruwa a famfon gidanta. Ban faɗi suna ba, amma duk 'yan Château Rouge sun gane. Kun yi dariya, ni ma na yi. Nafisa, 'yarta, ta karanta mata. Tanti ta aiko mini da saƙon murya tana dariya, ta ce, "Ja'ira, Allah shi shirye ki." Ba ta ƙara komai a kai ba.

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne. Na je Paris wani biki, na biya ta shago. Ta tura yarinyar shagon ta sayo mini gasasshiyar masara a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta jawo mini kujera tsakanin bandiran shadda. Sai ta ce in buɗe mata taswirar tafiyar a waya.

Na nuna mata garuruwan ɗaya bayan ɗaya. Ita ba garuruwan take kallo ba. Ta ɗora yatsa a kan shuɗin da ke ƙasan Malta, ta ce, "Nan fa, mine ne?"

Na ce ba komai Tanti, ruwa ne kawai.

Ta tambaye ni ko akwai ranar da jirgi ba ya tsayawa ko'ina. Na ce akwai, rana guda cur a kan teku, kuma ni a wurina ranar asara ce, ka biya kuɗi ba ka ga gari ba. Ta ce, "Ita nika so." Ta sake tambaya yadda mutum zai gane alƙibla in jirgi na tafiya, da kuma ko ma'aikatan jirgi za su karɓi dabino in an ba su sadaka. Na amsa mata sama-sama, hankalina na kan wata atamfa da nake son ta rage mini.

Da zan tafi ta rako ni har bakin ƙofa, ta riƙe hannuna. Ta ce, "Ke dai ki kai ni in ga ruwan nan da idona, shi ke nan."

Na ce saura ƙiris, Tanti, kuma ki gode mini da na hana ki Afrilu.

Haka na ce mata. Da bakin nan nawa.

Shekaranjiya ta yanke jiki ta faɗi a shago, hawan jini. Aka kai ta asibiti. Ba a gaya mini ba don ta farfaɗo har tana magana, ana ganin da sauƙi. Jiya da yamma Allah ya karɓi abarsa.

Nafisa ce ta kira ni yau. Na yi salati, na yi kuka, na yi mata ta'aziyya. Sai ga halin nan nawa ya fito tun ban ankara ba. Na ji kaina ina cewa kar ta damu da maganar tikitin jirgi, zan duba ko za su mayar da wani abu. Gawar uwarta ko wanka ba a yi mata ba, ni ina maganar mayar da kuɗi.

Nafisa ta ce, tana haɗawa da Faransanci, "Non, Yaya Balki. Maman ta ce kar a mayar."

Na ce ban gane ba.

Ta ce a asibiti, da Tanti ta farfaɗo, ta kira ta kusa ta ce, "Ki ce ma Balki kada ta maida tikitin. Ku tahi ke da ita. In kun kai tsakiyar ruwa, ki gaida yayanki, ki yi mai addu'a."

Na zame na zauna a ƙasan kicin.

Na san Tanti ta taɓa haihuwar namiji kafin ta zo Faransa. Ɗan fari ne, ta bar shi wurin kakarsa a Maraɗi kamar yadda ake yi. Na kuma san ya rasu, an ce mini a wajen Libiya, tun kafin in san ta. Iyakar sanina ke nan. Ban taɓa jin ta ambace shi ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Mu da muka tashi a gida mun san wannan. Uwa irin ta da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna tana kewarsa. In ya mutu ma, ita ce za ta tashi ta kawo wa masu gaisuwa ruwa.

Yau Nafisa ta ƙarasa mini. An yi ta neman takardun da za su kawo shi wurin uwarsa, abu ya ƙi. Da ya girma ya tafi Libiya aiki. Wata rana ya kira ya ce zai shiga kwalekwale ya tsallako, ya gaji da jira. A watan Afrilu ne. Daga ranar ba a sake jin muryarsa ba, ba gawa, ba kabari.

Ashe ziyara Tanti za ta je. Shekara da shekaru tana zuba adashi don ta je inda ɗanta yake ta tsaya a kansa, ita kaɗai, a wurin da ba mai ganin hawayenta. Kunya ba za ta bar ta ta ce mini haka ba. Ta gaya mini ta duk hanyar da uwa Bahaushiya za ta iya: ta faɗi wata, ta faɗi hanya, ta nemi balkoni, ta tambayi alƙibla, ta ɗora yatsa a kan wurin. Da Bafaranshiya ce ta kasa ganewa, da na ce ba ta san mu ba. Ni fa? Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Yayanmu ba. A gidan na tashi.

Kuɗinta na hannunta tun farkon shekara, lafiyarta ƙalau a Afrilu. Da na yi shiru na saya mata abin da ta ce, da ta je ta dawo.

Na san rai na hannun Allah, kuma abin da bai rubuta ba ba ya faruwa. Kar ku cika mini akwatin saƙo da wannan, na sani, na kuma yarda. Amma ni ce na tsaya a hanyar, kuma saboda ragin da ita ba ta roƙe ni in nema mata ba.

Rubutun nan na kallon ruwan famfo na goge shi ɗazu kafin jirgin ƙasan nan ya tashi. Ku da kuka yi dariya ba ku da laifi, ba ku sani ba.

Ba zan daina ba ku shawarar araha ba, dabarun nan gaskiya ne kuma suna aiki. Sai dai in babba ya zo muku ya ce ga lokacin da yake so, ga inda yake so, bai faɗi dalili ba, ku yi masa yadda ya ce. Ba kowane dalili ne bakin manyanmu ke iya furtawa ba.

Na riga na kira kamfanin jirgin daga tasha, na ce a cire sunan Tanti a sa na Nafisa. Matar da ta ɗauki wayar ta fara karanto mini abin da za a caje ni, na ce ta yi kawai. Ɗakin na nan yadda Tanti ta zaɓa. Yawon Palermo da na Malta na soke su a raina, ba inda za mu sauka. Dabinon ma Nafisa ta ce ta gan shi a ɗakin uwarta, a ɗaure cikin leda, tare da sabuwar darduma.

In Allah ya kai mu ranar da jirgi ba ya tsayawa, za mu shimfiɗa dardumar a balkonin, mu isar da saƙo.

Maganar jana'iza ana jiran takardun asibiti. In an tsayar da lokaci zan sanar a nan, don mutanenmu na yankin Paris, 'yan Clichy-sous-Bois da na Château Rouge, da ke son zuwa.

Ya Allah ka gafarta wa Tanti Rabi, ka yalwata mata makwanci, ka saka mata da alherin da ta yi wa baƙi irina. Ka ba Nafisa da mahaifinta haƙuri. Ka haɗa ta da yaronta a inda ba sai ta ɓoye son da take masa ba. Ni kuma ka yafe mini.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tsaya ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya. Ku haɗa da ɗanta. Na tambayi Nafisa sunansa ɗazu, don ita Tanti ba za ta taɓa faɗa muku ba.

Sunansa Lawali.