Tafiyar da Muka Ɓoye

A gidanmu ba a faɗin tafiya. Ko Kano za ka, sai ka ɗaura kaya, mota ta tsaya a ƙofar gida, sannan ka leƙa ɗakin Hajiya, mahaifiyarmu, ka ce za ka ɗan je nan ka dawo. Ita ma ba za ta tambaye ka ina ne nan ɗin ba, addu'a kawai za ta yi maka. Tsoron baki ne. Wai in mutane suka ji, suka yi ta juya maganar, tafiyar sai ta lalace ko ta zo da wata masifa. Haka muka taso muka tarar, kuma ni dariya abin yake ba ni, har shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, shekarar da ni da Yaya muka shirya zuwa hawan duwatsu a ƙasar Sikotlan.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta, tsakaninmu duk mata ne. Injiniyan ruwa ne, yana zaune a gidan gwamnati a GRA, ni kuwa malamin sakandare, ina nan cikin gida a Ƙofar 'Yandaka. Tun yana saurayi, zamanin farar hula na can baya, aka tura shi kwas can Sikotlan ɗin. Abokan karatunsa suka riƙa jan sa hawan dutse duk ƙarshen mako. Ya dawo da takardar shaida da kuma wani ƙaiƙayi da ba mu da maganinsa a Katsina, garin da ko tudun kirki babu. Mun sha labarin duwatsun nan har mun ƙoshi: ciyawa shar, tumaki masu gashi, hazo a ƙarƙashin ƙafarka, ruwan da za ka tara hannu ka sha. An so a sake tura shi. Wannan karon murna ta sa ya karya dokar gida, ya bi dangi da abokai yana sallama, har Hajiya ta sa aka yi masa dambun nama. Kafin ranar ta zo soja suka yi juyin mulki, aka soke kwas ɗin, mu muka cinye dambun.

Shekarun soja duniya ta juya mana baya, Yaya ya yi furfura yana kallon taswira. Da aka rantsar da farar hula, gari ya cika da dogon buri, kowa yana cewa ƙofa ta buɗe. Ran nan ya aiko mini in same shi gida bayan la'asar. Na tarar ya shimfiɗa taswirar a kan tabarma, ya danne gefenta da kofin shayi.

"Zamna, Malam," ya ce. Haka yake kirana in yana son ya sa ni wahala. "Tahiya za mu yi, ni da kai. Mako guda da 'yan kwanaki, mu hau dutsi mu dawo."

Ya riga ya tsara komai a kansa. Za mu tashi daga Kano lokacin da damina ta yi nisa a nan, don shi ne lokacin ɗuminsu, kuma ya dace da dogon hutun makaranta. Daga filin jirgi mu shiga jirgin ƙasa, mu sauka wani ƙauye a gindin duwatsun, a ɗan masaukin da matafiya suke dafa abincinsu da kansu. Ranar farko ƙaramin tudu, don ƙafa ta saba, babban dutsen sai ƙarshe. Mun yi gardama a kan guzuri, ni na ce kilishi, shi ya ce a filin jirgi za a ƙwace shi, sai dai dabino da gyaɗa. Mun yi gardama a kan sallar isha'i a ƙasar da rana take ƙin faɗuwa. Rabona da in ga Yaya yana dariya haka har na manta.

Da na tashi tafiya ya riƙo hannuna. "Ba mai ji. Ko matarka, ko tawa, balle Hajiya. Wancan karon na hwaɗa ma kowa, ka ga abin da ya biyo."

"Haba Yaya! Wato bakin sallamarka ne ya kada gwamnati?"

Ya yi dariya, amma bai saki hannuna ba sai da na yi alkawari. Na yi mamakin mutumin da ya san lissafin gudun ruwa a cikin bututu, amma yake tsoron bakin tsofaffin unguwa.

Sai muka fara atisaye. Bayan asuba zai aje mota a ƙofar gidanmu, mu bi gefen abin da ya rage na ganuwa da ƙafa, kowa da jaka a baya, mun cika ta da tsofaffin littattafai don nauyi. A nan muka gane cewa a garinmu babban mutum ba ya tafiya a ƙasa. Masu tafiya a ƙasa a wannan lokaci leburori ne da suka shigo daga ƙauye da diga a kafaɗa, sai Fulani masu kora shanu, kuma su ma kallon tausayi suke yi mana. 'Yan kabu-kabu su sha gabanmu, "Alhaji, ina zuwa? Hau in kai ka, ko babu ko sisi." Mai mota ya ja birki, ya fito, a gaisa: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya Hajiya da jiki, ya muka ji da sabuwar gwamnati. Sai an gama duk wannan ya rage murya ya ce, "Injiniya, lahiya dai? Motar ce ta lalace?" Kafin ku rabu zufar da ka tara ta bushe, ga wani kuma ya tsaya.

Da an san gaskiya, da an ce mahaukata ne an bar mu. Tunda ba a sani ba, gari ya ƙera nasa labarin. Wasu suka ce farar hula sun kori Yaya daga aiki, wasu suka ce wani malami ne ya ba mu laƙanin zaga ganuwa don neman muƙami. Ni dai raina ya riƙa ɓaci, don ni ba na iya haɗiye magana. Shi kuwa ko a jikinsa. Hajiya ta kira shi sau ɗaya ta tambaye shi, ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki saboda ciwon suga. Ba ƙarya ya yi ba, yana da sugan, kowa ya sani. Yakan sha ƙwayarsa in ya tuna, in bai tuna ba ya kora da ruwan garafuni.

Takalman hawan dutse suka iso daga Legas, irin masu kauri da dogon wuya, fatarsu kamar busasshen ƙirgi. Ya ce dole a horar da su tun a nan, in ba haka ba a can za su ci mutum. Don haka muka koma hawan hasumiyar Gobarau, ita kaɗai ce abin hawa da muke da shi. Mu hau, mu sauko, mu sake hawa, mai gadin yana zaune yana girgiza kai. Daga sama Yaya yakan tsaya yana haki, ya dubi rufin gidaje da itatuwan darbejiya har inda ido ya ƙare, ya ce in ninka wannan sau ba adadi, sannan in zuba masa ciyawa da ruwa. A nan ne ni ma abin ya shiga raina. Ni da na biyo shi don kunya, sai ga ni ina mafarkin tumaki.

Takalmin ya ci ni tun a makon farko. Dunduniyata ta yi bororo, ina ɗingishi, ina tsine wa wanda ya ɗinka shi. Yaya yana yi mini tsiya.

"Yaran zamani! Ni ko ƙahwata ba ta jin komi. Ko ƙusa na taka ba ni sani."

Alfahari yake yi, ni ma a lokacin sha'awa ya ba ni. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa suga yakan kashe jin ƙafa, har mutum ya ji rauni bai sani ba.

Biza ta fito, abin da aka yi shekaru ba a ko mafarkinsa. Tikiti ya zo hannu. Saura ƙasa da wata guda, ran nan muka sauko daga Gobarau, ya zauna zai gyara igiyar takalmi, sai wani wari ya buge ni. Na ce ya cire. Ya ƙi. Na durƙusa na cire da kaina. Ya naɗe ƙafar dama da bandeji, ya jiƙe sharkaf, ƙarƙashin babban yatsa kuwa rami ne, gefensa ya yi baƙi. Ashe ya kwana biyu da shi. A ban ɗaki yake wankewa da ruwan gishiri, yana kwana da safa don kada matarsa ta gani.

"Yaya, tashi mu tafi asibiti. Yanzu."

"In je in ce mi? Su tambaye ni garin yaya, in ce takalmin hawan dutsi? Wane asibiti za ni a garin nan da ba a san ni ba? Kahin azahar labari ya kai Ƙofar 'Yandaka. Ba ya mani zahi, Malam. In mun dawo sai a duba."

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don babban likitan da zai duba shi mijin yayarmu ne. Abin da surukin nan ya ji, yayarmu ta ji, abin da ta ji kuwa ko a rediyo aka saka sai haka. Na roƙe shi. Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce a fasa tafiyar sai baɗi. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce baɗi nawa ya jira, kuma wa ya ba ni tabbacin soja ba za su dawo kafin baɗin ba. Ya tuna mini alkawarina.

Ban ko je gida ba. Daga nan na wuce wurin surukinmu, na gaya masa komai, takalmi da Gobarau da Sikotlan, don sai da ya san abin da ƙafar ta sha kafin ya yarda abin na gaggawa ne. Ya je GRA da kansa, ya buɗe bandejin, ya yi salati, ya sa Yaya a mota. A hanya ya ce mini da tun ranar da fatar ta fashe aka zo, da wanki da hutu sun isa.

Kamar yadda Yaya ya faɗa, kafin azahar ɗin washegari gari ya ɗauka. 'Yan dubiya suka cika baranda, kowa da lemo da tambaya. "Ashe Turai za ku? Hawan dutsi? To mi ke akwai a bisan dutsin?" Aka yi ta allura, aka yanke yatsan, baƙin ya ci gaba da hawa, zazzaɓi ya ƙi sauka. A makon da ya kamata mu kasance cikin jirgi aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Hajiya ba ta zo ba sai da ya farfaɗo sosai. Aka riƙo ta, ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon inda zanin rufa ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Ɗakin cike yake, yayyenmu mata, matarsa, surukinmu a tsaye da farar rigarsa. Ta yi addu'a, aka shafa. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, a hankali:

"Wata da watanni yaron nan shina tahiyarshi lahiya lau, ba abin da ya same shi. Sai da magana ta hita. Wa ya hwaɗa?"

Surukinmu ya buɗe baki zai yi bayani, yayarmu ta taɓa shi, ya rufe. Ni ban damu da shi ba. Yaya nake kallo. Shi ya san yaushe ramin ya fara, shi ya san kwana nawa ya yi yana ɓoye shi cikin safa, shi ne mai ilimin da duk gidanmu ake tinƙaho da shi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta ishe ni. Yana kallon silin ya ce:

"Na ce mashi ya yi shiru, Hajiya."

Na fita baranda na tsaya. Haushi nake ji, da baƙin ciki, da wani abu mai kama da maraici. Na jira ya warke ya janye maganar. Ya warke, aka yi masa ƙafar roba, ya yi ritaya, ya bar GRA ya dawo cikin gari kusa da mu. Farar hula suka zauna daram, soja ba su dawo ba, baɗi ta zo ta wuce sau da yawa, mutane suna ta zuwa Turai suna dawowa da hotuna. Kullum da safe nakan je in gaishe shi a zaure, ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya amsa mini da kyau har ƙarshen gaisuwar. Bai ƙara ce mini Malam ba, kuma in zai yi tafiya, ko ta asibitin Kano ce, sai dai in zo in tarar ba ya nan.