Abin da na kashe a tukunyar Goggo

Sau biyu na faɗi jarrabawar darasin bayokemistiri. Ba na ɓoyewa, tunda a allo aka manna sakamakon kowa ya gani. Dokar makarantarmu kuwa ba ta san wasa ba: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku, sai ya tattara nasa ya nasa ya kama hanyar gida. Saura wata guda jarrabawa ta uku na shigo motar Ɗanbatta zuwa gida, littafin darasin yana cikin jaka, kaina kuwa fayau.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne enzayim. Malaminmu, wani dogo mai saurin magana, ya ce furotin ne, yana sa abu ya sauya da sauri amma shi kansa ba ya ƙarewa, kuma ba shi da rai. Madalla. Sai a lakca ta gaba ya ce yana da abin da yake so da wanda ba ya so, yana gane abokin aikinsa, ya kama shi ya saki. To don Allah, abin da ba shi da rai, ina ya samo so da ƙi? Na taɓa ɗaga hannu na tambaya, 'yan aji suka kwashe da dariya, shi kuma ya ce in je in karanta. Na karanta, har na haddace. Amma da an ɗan juya tambayar sai in saki baki ina kallon rufin ɗaki.

Na iske gida ana shirin suna, matar yayana ta haihu. A ƙauyenmu in ana maganar kunun zaƙi, to maganar Goggo ake, yayar babanmu. Kununta ba ya ganin sukari. Gero ne da citta da kanumfari, sai busasshen dankali da take niƙawa daban. A dama ƙullun geron da tafasasshen ruwa ya yi kauri kirtib, a bar shi ya huce, a zuba ƙullun dankalin a rufe. Kafin gari ya waye ya tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙi da kansa. Tun ina yarinya nake gani, ban taɓa tambayar dalili ba.

Ranar jajiberin suna, bayan la'asar, muka dama babbar tukunya, ni ce mai juyawa saboda kafaɗarta na ciwo. Ana cikin haka aka ce ga dangin maijego sun iso daga Tsanyawa. Goggo ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Ki bar shi ya huce. Kada ki zuba dankalin sai na dawo, kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Goggo."

Ta tafi gaisuwa, kun dai san gaisuwar tsofaffi. Ina zaune ina kallon tururi, ga wanke-wanke jibge yana jirana, ga karatu ban taɓa ba tun safe. Sai wata jimla ta faɗo mini daga cikin haddata: zafi yana ƙara saurin aiki. Wallahi har daɗi na ji. Na ce yau dai ga ranar bokona. Me ya sa za a zauna jiran abu ya huce, alhali zafin ne ma ke hanzarta shi? Na juye ƙullun dankalin gaba ɗaya. Don in ƙara kyautatawa ma, na mayar da tukunyar kan murhu na iza wuta har ta ɗan tafasa, sannan na sauke na rufe.

Da Goggo ta dawo ta ga kwaryar dankali wayam, ta dube ni.

"Ya huce kika zuba?"

"Kada ki damu, Goggo, na san abin da nake yi."

Ta dai yi wani ɗan murmushi da bai yi mini daɗi ba.

Da safe muka buɗe. Inna lillahi! Yana nan yadda na bar shi, daskararre, ludayi ma sai ya tsaya a ciki. Goggo ta lakata ta ɗanɗana. Salam.

"Kin kashe shi," in ji ta.

Ranar aka sirka da ruwa, aka zuba sukari a kunun Goggo, abin da ba a taɓa yi ba. Mata na kurɓa suna haɗa ido. Wata ƙanwar babarmu har da ɗaga kofi tana cewa, "A miƙo mini ƙarin kunun 'yar boko!" Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji haushi, don har lokacin ban san laifina ba. Littafi ne fa ya faɗa.

Kwana biyu da watsewar suna Goggo ta kira ni, ta sa na dama ɗan kaɗan a kwano. Muka zauna a inuwar rumbu muna jira. Can ta kamo ɗan ƙaramin yatsana ta tsoma. Na zabura na fizge.

"To kin gani. Abin da yatsanki bai iya zama a ciki ba, shi ma ba ya iyawa." Bayan wani lokaci ta sake tsomawa. Da zafi, amma na iya daurewa. "Yanzu ne. In kuma kika bari ya yi sanyi ƙalau, sai ya yi nawa, tsami ya riga zaƙi zuwa."

"Shi wa, Goggo?"

"Abin da ke cikin dankalin mana."

Na tashi na ɗauko littafin. Akwai wani zane da na sha wucewa: layi ya hau a hankali kamar tudu, ya kai ƙololuwa, sannan ya rikito ƙasa. Ashe hawan kawai na haddace, gangaren ban taɓa kula shi ba. A shafi na gaba aka ce sitaci dogon zare ne na ƙwayoyin sukari, enzayim ke datsa shi gutsi-gutsi. Shi ya sa kunun ke tsinkewa, shi ya sa yake zaƙi. In zafi ya yi yawa kuma, furotin ɗin ya warware daga naɗinsa, ba ya sake kama komai. Nan take na hau yi wa Goggo bayani. Ta saurara tana ɓarar gyaɗa.

"To shi wannan abin naku, yana da rai?"

"A'a, Malam ya ce ba shi da rai."

"To me kika kashe?"

Ga ni dai na dawo inda na fara, sai dai yanzu mu biyu ne masu tambayar.

A ɗakin jarrabawa tambayoyi biyar ne. Biyu ban ma san ta inda zan kama su ba, biyu na yi kame-kame. Ta huɗu ta ce a bayyana yadda zafi ke shafar aikin enzayim. Na dubi yatsana, na zana tudun nan da gangarensa, na cika shafi biyu, tukunyar nan tana gaban idona. Da sakamako ya fito na haye da ƙyar, da maki mafi ƙanƙanta da ake hayewa da shi. Na tsaya gaban allon ina kuka, ban damu da masu kallo ba.

Na kai wa Goggo takardar. Ba ta karanta boko, ta jujjuya ta ta ajiye a kan tabarma, ta kamo ɗan yatsan nan nawa ta girgiza.

"Wannan ne ya ci, ba kan ba. To yanzu da kika ci, gaya mini, me kika kashe?"

Na ce in na koma zan tambayo mata. Ba ta kai ƙarshen wannan zangon karatun ba, Allah ya ji ƙanta. Amsar kuwa har yau ban samo ta ba.